Aiki a Wuse, Kwana a Mararaba: Nazarin Rashin Aikin Yi, Ƙarancin Albashi da Tallafin Gwamnati a Gundumar Wuse ta Abuja

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda rashin aikin yi da ƙarancin albashi da tallafin gwamnati suke cuɗanya a gundumar Wuse ta birnin Abuja. Hujjar da take kafawa ita ce, ma'aunai uku da hukuma ta dogara da su duk sun tsallake ƙaramin ma'aikacin Wuse. Ƙididdigar ma'aikata tana lissafa shi a inda yake kwana. Dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe irin wurin da yake aiki. Rajistar tallafi kuwa tana neman sa a unguwar da ba ya wuni a cikinta. An dogara da dokokin ƙwadago da rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, da tsarin ginin birnin, sannan aka gabatar da ma'aunin albashin-isa-gida domin auna abin da ma'aikaci yake komawa da shi wurin iyalinsa.

1.0 Gabatarwa

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kammala taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Wuse tana cikin gundumomin zangon farko tare da Garki da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni. Mazauna tsohon ƙauyen Wuse an mayar da su Sabon Wuse, wadda a yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa ta jihar Neja. Gundumar da aka gina a gurbinsu ta kasu biyu: Wuse ta ɗaya mai Zone 1 zuwa Zone 7, da Wuse II.

An zana Wuse ne a matsayin mazaunin ma'aikatan gwamnati, amma ba a nan ta tsaya ba. Babbar kasuwar Wuse tana Zone 5, 'yan canji sun yi sansani a Zone 4, cinikin wayoyi da kayan lantarki ya tattaru a rukunin shagunan Banex, titunan Aminu Kano da Adetokunbo Ademola kuma sun cika da bankuna da gidajen abinci da otal-otal. Wani abin lura, hukumomin da sha'anin aiki yake hannunsu suna cikin wannan gunduma: Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, tana Zone 1, Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya tana Zone 3, Hukumar Fansho ta Ƙasa tana Wuse II. Mai gadin ƙofar irin waɗannan ofisoshi da mai sharar farfajiyarsu su ne abin nazarin wannan takarda.

Manufar takardar ita ce amsa tambaya guda: me ya sa wurin da kuɗi suke juyawa haka yake cike da mutanen da suke aiki daga asuba zuwa isha'i, amma ba su fita daga talauci ba, tallafin hukuma kuma bai same su ba?

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Lewis (1954) ya kalli tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa a matsayin sassa biyu, na gargajiya mai rarar ma'aikata da na zamani mai jawo su, ya kuma nuna cewa albashi ba zai tashi ba muddin rarar ba ta ƙare ba. Harris da Todaro (1970) sun ƙara da cewa mai barin ƙauye yana auna albashin da yake sa ran samu a birni ne, don haka ƙirƙiro ayyuka a birni kan iya ƙara yawan masu zaman jira. Ra'ayin ya dace da wani ɓangare na Abuja. Shaidarsa ita ce jarrabawar ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice ta 15 ga Maris 2014, inda dubban ɗaruruwan matasa suka nemi guraben da ba su kai dubu biyar ba, aka yi turmutsutsu a filin wasa na ƙasa da ke Abuja da wasu cibiyoyi, aka rasa rayuka.

Sai dai wannan mazhaba ta ɗauka cewa wanda bai samu aikin ofis ba zaune yake. Hart (1973), a binciken da ya yi a unguwar Nima ta Accra, ya rushe wannan zato, ya nuna cewa baƙin da suka sauko daga arewacin Ghana suna da hanyoyin samun kuɗi iri-iri da hukuma ba ta lissafawa. Daga aikinsa da rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 1972 a kan Kenya aka samu batun sashen da ba ya kan rajista. De Soto (1986) ya ɗora laifin girman wannan sashe a kan tsadar bin ƙa'idojin hukuma. A nan takardar ba ta bi shi gaba ɗaya ba, domin shaguna da gidajen abinci da yawa a Wuse II suna da rajista suna kuma biyan haraji. Ma'aikacin cikinsu ne ba shi da takarda.

A ƙasar Hausa, Prothero (1959) ya yi nazarin cin rani daga lardin Sakkwato, Hill (1972, 1977) ta nuna cewa talaucin karkara yana tura magidanci neman na cefane a wajen gona, Lubeck (1986) kuma ya bi sawun leburorin masana'antun Kano da alaƙarsu da almajirci. Cohen (1969) ya bayyana yadda maigida a unguwar Sabo ta Ibadan yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya sama masa abin yi. Duk waɗannan ayyuka sun yi magana ne a kan garuruwan da ma'aikaci yake kwana kusa da wurin aikinsa. Abuja daban take. Abin da ya fi kusa da halinta shi ne hasashen Kain (1968) a kan biranen Amurka, inda ya nuna illar nisan da ke tsakanin gidajen talakawa da wuraren aiki. Wannan giɓi takardar take son cikewa.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar nazarin takardu. An karanta Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 da gyaranta na 2024, da Dokar Ƙwadago, da Dokar Gyaran Fansho ta 2014, aka gwada tanade-tanadensu da nau'o'in ayyukan da ake gani a Wuse. An kuma kwatanta rahotannin NBS na kafin 2023 da na bayanta. Inda aka yi lissafi da adadin da ba daga rahoto ya fito ba, an bayyana cewa adadin misali ne.

Takardar ta yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi biyu. Tazarar aiki da makwanci tana nufin kuɗi da lokacin da ma'aikaci yake ɓatarwa tsakanin inda yake kwana da inda yake aiki. Albashin-isa-gida shi ne abin da ya rage a albashi bayan an cire kuɗin mota da abincin wurin aiki.

4.0 Nazari

4.1 Abin da Ƙididdiga ta Faɗa da Abin da ta Bari

A rahoton NBS na zangon ƙarshe na 2020, rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A watan Agusta 2023 hukumar ta fitar da sabon rahoto da ya ce kashi 4.1 ne a zangon farko na 2023. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'auni aka sauya. A tsohon tsari, wanda ya yi aikin da bai kai sa'a 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon tsari, wanda aka daidaita shi da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a ɗaya a cikin kwana bakwai mai aiki ne. Tsohon shugaban hukumar, Dakta Yemi Kale, yana cikin waɗanda suka soki wannan sauyi a fili.

Sabon ma'aunin yana da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, kuma ba ƙarya yake faɗa ba. Kuskuren yana wajen masu karanta shi a matsayin shaidar walwala. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, zama babu abin yi gata ne, sai wanda yake da mai ciyar da shi. Shi ya sa a rahoton shekarar 2023 masu ilimin gaba da sakandare suka fi kowa yawan rashin aiki, su ne masu iya jira. Rahotannin sun kuma nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sashen da ba ya kan rajista.

Alƙaluman jihohi na 2023 sun fi jan hankali. A rashin aikin yi Abuja ta samu kashi 14.1, tana bin bayan Abia mai 18.7. Maƙwabciyarta Nasarawa ita ce mafi ƙanƙanta a ƙasar, da kashi 0.5. Gaskiya ne cewa mafi yawan Nasarawa ƙasar noma ce, amma a cikinta ƙaramar hukumar Karu take, wadda ta ƙunshi Mararaba da Masaka, inda ɗimbin ma'aikatan Wuse suke kwana. Binciken ma'aikata gida-gida ake yin sa. Ke nan mai sayar da abinci a Wuse II da yake kwana a Masaka yana cikin lissafin Nasarawa, mai gadin Zone 3 da yake kwana a Madalla ko Suleja yana cikin na Neja, shi kuwa ɗan babban ma'aikaci da ya gama jami'a yana jiran aiki a gidan mahaifinsa a Zone 6 shi ne yake cikin kashi 14.1 na Abuja. Duk wanda ya tsara manufa a kan wannan adadi kaɗai, matsalar mai jira zai magance, ya bar ta mai aiki.

4.2 Rukunonin Ma'aikata a Wuse

Ana iya kasa masu aiki a Wuse gida uku. Na farko ma'aikatan gwamnati da na bankuna da manyan kamfanoni masu takardar ɗauka da fansho. Su ne mafi ƙaranci, kuma ba su ne damuwar wannan takarda ba.

Na biyu masu albashi marasa takarda: yaran shago, masu jiran kanti, ma'aikatan gidajen abinci da otal, direbobin gida, masu gadi, masu shara, da masu zaman teburin POS da ba nasu ba. Da baki ake ɗaukar su, da baki ake sallamar su. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku, amma a wannan rukuni wanda ya taɓa ganin irin wannan takarda kaɗan ne. Wani reshe na rukunin gwamnati ce da kanta ta haife shi. A gyaran aikin gwamnati na zamanin Shugaba Obasanjo an cire shara da gadi da makamantansu daga ma'aikatan dindindin aka miƙa wa 'yan kwangila. Ofis yana biyan kamfani a kan kowane mai gadi, kamfani ya cire nasa, ragowar ta isa ga mai tsayuwa a ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na uku masu cin gashin kansu, kuma a nan 'yan cin rani daga Arewa suka fi yawa: masu baro, 'yan dako, masu shayi, masu gyaran takalmi, masu yankan farce, 'yan talla, da masu tsayuwa bakin titi a Zone 4 suna kiran masu motoci domin su kai su wurin mai canji su samu la'ada. Mai baro a kasuwar Wuse ya isa misali. Sau da yawa baron haya ne, yana biyan kuɗinsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tun daga bakin ƙofa yake tarar mai sayayya, ya bi ta layin 'yan tumatir, ya jira ta gama tayi a layin nama, ya loda buhun shinkafa da jarkar mai, ya turo har inda ta ajiye mota, sannan a yi cinikin ladansa bayan an gama aikin, lokacin da ba shi da sauran abin riƙewa. A ma'aunin NBS wannan mutum mai aiki ne. A dokar albashi ba ma'aikaci ba ne.

Wannan rukuni yana kuma fama da matsayinsa a gaban doka. Talla a titunan birnin laifi ne a ƙarƙashin dokokin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, kuma kwace kaya da tara suna cikin kuɗin da ɗan talla yake sakawa a lissafinsa. A watan Maris 2024 wani jami'in gidan gyaran hali ya harbe wani ɗan talla da kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa hukunci a kasuwar Wuse, lamarin da ya jawo tarzoma aka ƙona shaguna da motoci, aka rufe kasuwar na wasu kwanaki. A irin wannan rufewa mai shago yana asarar ciniki, mai baro kuwa abincin ranar yake rasawa.

4.3 Dokar Mafi Ƙarancin Albashi da Waɗanda ta Keɓe

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024. A ido ƙari ne na fiye da ninki biyu a cikin shekara biyar. A kasuwa ba haka ba ne. Naira 30,000 a kan canjin 360 ta kai kusan dala 83, naira 70,000 a kan canjin 1,600 ba ta kai dala 44 ba. Tsakanin waɗannan shekaru aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a cikin kwanaki, ta haura 1,000 a Abuja a Oktoban 2024. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024.

NBS tana fitar da wani ma'auni na kuɗin lafiyayyen abinci mafi araha ga baligi ɗaya a rana. A Yulin 2024, watan da aka sa hannu a dokar, matsakaicin ƙasa naira 1,265 ne, wato 37,950 a wata. Miji da mata kaɗai, ba yaro ba haya ba magani, suna buƙatar 75,900. Albashin ya gaza tun ranar da aka haife shi.

Duk da haka, ga mafi yawan ma'aikatan Wuse wannan muhawara ce ta wasu. Dokar ta keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya da la'ada ko da jinga. Tattalin arzikin Wuse kuwa na ƙananan wurare ne: shago mai yara biyu, kantin magani mai mutum biyar, wurin gyaran gashi, ofishin sayar da tikitin jirgi, gidan abinci mai ma'aikata goma sha biyu. Mai irin wannan wuri idan ya biya naira 40,000 a wata bai karya dokar albashi ba. Ma'aikacin ma ba ya ganin yana da ta cewa, domin ya san akwai masu jiran gurbinsa, amsarsa kullum ita ce da babu gara ba daɗi. A nan hasashen Lewis ya tabbata.

Akwai masu cewa faɗaɗa dokar zai sa ƙananan wurare su rage ma'aikata. Ba a raina wannan fargaba ba, musamman ga mai shagon da kuɗin haya da na dizal suka riga suka shaƙe shi. Amma binciken Card da Krueger (1994) a gidajen abinci na New Jersey da Pennsylvania ya nuna cewa ƙarin albashi ba dole ne ya rage ayyuka ba, kuma adadin ma'aikata ma'auni ne mai rauni na ƙarfin kasuwanci. Shagon gwal ko na canji mai mutum huɗu yana iya juya abin da masana'anta mai mutum hamsin ba ta juyawa. Ko a inda dokar ta hau babu tantama, aiwatarwa tana tafiyar hawainiya: malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan rashin biyan sabon albashin.

4.4 Tazarar Aiki da Makwanci

Wannan ne ginshiƙin hujjar takardar. A tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi, ta sayar da gidajenta na Abuja. Gidaje da yawa na Wuse suka koma hannun 'yan kasuwa, wasu aka mayar da su ofisoshi da shaguna. A daidai lokacin, rushe-rushen zamanin Malam Nasir El-Rufai, wanda ya riƙe ma'aikatar birnin daga 2003 zuwa 2007, suka kawar da matsugunai masu araha da ke kusa da gari. Ga kuma al'adar neman kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, wadda ta kai Majalisar Dattawa ta yi muhawara a kan ƙudirin taƙaita ta a 2022. Sakamakon shi ne ƙaramin ma'aikaci ya koma Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka, Kubwa, Dutsen Alhaji, Zuba, Madalla da Suleja.

Bayan an nisanta shi, sai aka rage masa abin hawa mai araha. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, an hana ƙananan bas-bas da ake kira araba a 2013, an kuma taƙaita zirga-zirgar keke napep. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a 2024, yana bin hanyar filin jirgin sama da Kubwa ne, bai je Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ma'aikata ya fi yawa. Wanda ya tsaya a mahaɗar Berger bayan la'asar zai ga sakamakon: jama'a jere a bakin titi suna ɗaga hannu ga motocin gida, mutum huɗu a baya biyu a gaba, direban ma sau da yawa ma'aikaci ne da yake neman kuɗin mai. A wannan yanayi ne masu fashi da motar haya suke samun abin farauta.

A yi lissafi da adadin misali. Ma'aikaci mai cikakken naira 70,000 da yake zuwa aiki kwana 26 a wata, ranarsa ta kama kusan naira 2,700. Idan aka ƙaddara zuwa da dawowa naira 1,500, kuɗin mota ya cinye 39,000, fiye da rabin albashi. Idan ya ci abincin naira 500 a wurin aiki, an ƙara 13,000. Albashin-isa-gida ya zama 18,000. Ga mai karɓar 40,000 lissafin ba ya fita ko kaɗan, sai ya ƙare da bashi.

Wannan lissafi yana bayyana ɗabi'u uku da ake yawan yi wa mummunar fassara. Masu gadi da yaran shago da suke kwana a ɗakin gadi ko a baranda ko a ginin da ba a gama ba, suna zuwa gida ƙarshen mako ko ƙarshen wata, kare albashinsu suke yi. Matashin Masaka da ya ƙi karɓar aikin jiran kanti a Wuse II ya zauna gida, wanda ake kira mai zaman kashe wando, sau da yawa lissafi ya yi ya ga aikin zai ci masa kuɗi. Ɗan cin rani kuma da ya bar iyali a Zamfara ko Katsina ko Jigawa yana kwana a rumfa, ya mayar da tazarar sifili ne ta hanyar sadaukar da makwanci. Gonar gida da dangi su suke ɗaukar nauyin da albashin Wuse ya kasa ɗauka, wato karkara ce take tallafa wa birni.

4.5 Tallafin Gwamnati

Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki irin asusun da Afirka ta Kudu take da shi. Wanda aka sallama, abin da doka ta ba shi kaɗan ne. Wa'adin sanarwa kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Kuɗin sallama kuwa an bar shi ga sasantawa. Abin da ya fi kama da tallafin rashin aiki shi ne damar cire kashi 25 cikin ɗari daga asusun fansho bayan wata huɗu babu aiki. Kuɗin ma'aikacin ne da kansa, kuma tilascin buɗe asusun ya hau wuraren da suke da ma'aikata 15 ko fiye. Rukuni na biyu da na uku sun sake faɗuwa.

Shirye-shirye kuwa ba a rasa su ba: NDE tun 1986, NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, sannan shirin 2016 da ya ƙunshi N-Power mai biyan naira 30,000 ga masu digiri, da tallafin naira 5,000 a wata ga gidaje matalauta, da bashin TraderMoni na naira 10,000. A Oktoban 2023 aka sanar da naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, jimilla 75,000. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, aka kuma dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci domin bincike. Ana yawan tsayawa a kan zargin almundahana. Takardar nan tana ganin ko da an kashe kowace naira a inda aka nufa, tsarin zaɓen masu cin gajiya ba zai kai ga ma'aikacin Wuse ba.

Dalili na farko, an gina rajistar matalauta ta ƙasa ne a kan zaɓen al'umma: a tara mutanen gari su nuna gidajen da suka fi talauci a cikinsu. Wannan yana aiki a ƙauyen da kowa ya san kowa. A Mararaba, ɗan haya da yake fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i ba ya halartar taron, mai unguwa ma bai san shi ba. A Wuse ba mazauni ba ne. A garinsu kuma ana kallon sa a matsayin wanda yake Abuja, wato mai hali. An gane wannan rauni har aka ƙaddamar da rajistar gaggawa ta matalautan birane a Janairun 2021, amma ita ma da unguwar zama aka ɗaure ta.

Dalili na biyu, rabon daidai-wa-daida tsakanin ƙananan hukumomi. Shirin ayyuka 774,000 na 2021 ya ba kowace ƙaramar hukuma gurbi 1,000 a kan naira 20,000 a wata na wata uku. Ƙaramar hukumar birni, AMAC, wadda Wuse take ciki, tana da mutum sama da 770,000 tun a ƙidayar 2006, Abaji kuwa ba ta kai 60,000 ba. Gurbinsu ɗaya.

Dalili na uku, shirye-shiryen suna neman marar aiki ko gajiyayye ne. Ma'aikaci matalauci ba shi da gurbi a cikin fom. Ƙarin naira 35,000 da aka amince da shi a 2023 domin rage raɗaɗin cire tallafin mai, ma'aikatan tarayya ya shafa, mai gadin kwangila da yake buɗe masu ƙofa bai shiga ba.

Abin da yake riƙe da mutane a zahiri shi ne tanadin da suka yi wa kansu: adashi a tsakanin 'yan layi ɗaya, asusun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan gari ɗaya, karo-karo idan an kwantar da wani asibiti ko za a kai gawa gida, zakka da ciyarwar azumi a masallatai, taimakon coci-coci, da ubangidan da yake sallamar yaronsa da jari. Wannan shi ne tsarin da Cohen ya gani a Ibadan, yana nan da ransa. Rauninsa shi ne yana jure matsalar mutum ɗaya, amma idan tsada ta bugi kowa a lokaci guda, kamar 2023 da 2024, masu zubin adashin da mai kwasa duk a rami ɗaya suke.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, NBS ta riƙa tambayar wurin aiki tare da wurin kwana, ta fitar da alƙaluman Abuja haɗe da Karu da Suleja da Tafa a matsayin kasuwar ƙwadago guda, ta kuma sanya abin da ake samu a wata a gaban rahoto, kusa da adadin marasa aiki.

Na biyu, Hukumar Birnin Tarayya ta ɗauki sufuri a matsayin tallafi. Manyan bas-bas masu rangwame a hanyar Masaka zuwa Berger da ta Suleja zuwa Wuse ba sa buƙatar rajista ko mai unguwa, domin mai hali ba zai tsaya layi da asuba ya hau su ba. A lissafin sashe na 4.4, rage kuɗin mota da rabi yana mayar wa ma'aikaci naira 19,500 kowane wata, abin da a wata huɗu ya zarce dukkan tallafin naira 75,000.

Na uku, a buɗe rajistar tallafi ta wurin sana'a, ta hannun ƙungiyoyin kasuwar Wuse da na masu baro da na masu gadi, a haɗa ta da lambar shaidar ɗan ƙasa. Kowane ofishin gwamnati kuma ya sa sharaɗi a kwangilar gadi da shara cewa kamfani zai nuna shaidar banki ta abin da ya biya kowane ma'aikaci kafin a biya shi. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka.

Na huɗu yana buƙatar doka. Gyaran 2024 ya rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato zama na gaba zai faɗo a 2027. Takardar tana kira ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya da 'yan majalisar da suke wakiltar Abuja da Nasarawa da Neja, da su sa sashen da ya keɓe wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba a kan teburin tattaunawa kafin a fara jayayya a kan adadi.